AMANAR BAƘO A SHAFIN HUKUMA

Laccar da aka gabatar a Makon Ƙungiyar Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya laccoci na wannan ƙungiya da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne yadda shafin intanet na hukumar gwamnati yake tsare bayanan wanda ya ziyarce shi, da kuma yadda yake amfani da ɗan abin nan da ake kira kuki. Na san wani zai ce wannan zancen injiniyoyi ne. To, bari in yi tambaya. A cikinmu nan, wane ne ya shigo jami'a ba tare da ya miƙa wa JAMB sunansa, da ranar haihuwarsa, da hoton fuskarsa, da zanen yatsunsa ba? Tun daga 2021 ma ba a yi wa mutum rajistar jarrabawar sai da lambar NIN. Wanda ya nemi rancen karatu kuwa, bayan da asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu na 2024, sai da ya haɗa da lambar BVN da ta asusun bankinsa. Yayyenmu da suka kama aikin gwamnati su ma haka suka cika fom bayan fom kafin albashin farko ya shigo. Ashe kowannenmu ya riga ya ba da ajiya, abin da ya rage shi ne mu san hannun wa ta shiga, da kuma wa da wa ke leƙa ta.

Duk wanda ya taɓa zuwa sakatariya ya san littafin nan na bakin ƙofa, wanda maigadi ke turo maka ka rubuta sunanka da wurin wanda ka zo da lokacin da ka shiga. Shafin intanet ma yana da irin wannan littafi, sai dai shi ba ya jiran ka ɗauki biro. Da zarar ka buɗe shafin, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shi za ta rubuta lambar adireshin da ka shigo da shi, da irin wayarka, da sa'a da minti, da ɓangaren da ka duba, sau da yawa har da shafin da ka baro kafin ka iso. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, domin da shi ake gane masu ƙoƙarin fasa shafi, da shi kuma ake gano inda ya lalace. Abin tambaya shi ne wa ke karanta littafin, kuma wata nawa yake yi a ajiye kafin a goge shi.

Sai mu zo kan kuki. A Turanci kalmar sunan wani ɗan biskit ce, amma wannan ba na ci ba ne. Asalin maganar shi ne, yadda aka gina shafukan intanet tun farko, an gina su ne da mantuwa. In ka buɗe shafi na ɗaya, sa'an nan ka wuce na biyu, kwamfutar da ke can ba ta san kai ne ka dawo ba, sai ta ɗauke ka sabon baƙo. A 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, a kamfanin Netscape na Amurka, ya samo maganin wannan mantuwa: shafin ya ba baƙo ɗan guntun rubutu ya ajiye a na'urarsa, duk lokacin da ya dawo na'urar ta nuna shi. Girmansa ba ya wuce kilobayit 4, watau bai fi shafi ɗaya ko biyu na rubutu ba, galibi ma lamba ce kawai.

Misalin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne katin asibiti. Katin da ake ba ka ka tafi da shi gida ba ya ɗauke da tarihin ciwonka, lamba ce kurum a jikinsa. Fayil ɗinka yana can ɗakin kati. In ka dawo ka miƙa katin, sai a zaro fayil ɗin a ci gaba daga inda aka tsaya. Haka kuki yake. Shi ya sa in ka shiga shafin makaranta da kalmar sirrinka, kana iya wucewa daga rajistar kwasa-kwasai zuwa biyan kuɗin ɗaki ba tare da an sake tambayarka ko kai wane ne ba. Wani kukin yakan mutu da zarar ka rufe manhajar, wani kuwa an rubuta masa wa'adi na watanni. Irin wannan da shafi ba ya aiki sai da shi, ban ga mai hankalin da zai yi faɗa da shi ba.

Matsalar tana wajen kati na biyu. Ku ɗauka a zauren asibitin nan akwai wani ɗan kasuwa da aka bari ya shimfiɗa tabarmarsa. Duk wanda ya shigo, sai ya manna masa tasa alamar a bayan riga, ya kuma rubuta ɗakin likitan da ya nufa. Ɗan kasuwan nan yana da yara a tasha, da kasuwa, da kantin littattafai, da gidan kallo, duk inda ka bi suna ganin alamar suna ƙara rubutu. Ba a daɗe ba sai ya san abin da ko abokin kwananka bai sani ba. Wannan shi ne kukin da ba na mai shafin ba, na wani kamfani ne na daban, galibi na talla, wanda aka ba shi wuri a cikin shafin.

Kada a ce ƙirƙira nake yi, ga abin da ya faru a ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka. A shekarar 2000 aka gano ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na fadar shugaban Amurka yana bin sawun masu ziyartar shafinsa ta hanyar kukin kamfanin talla na DoubleClick. Hayaniyar da aka yi ta sa a watan Yuni na shekarar aka hana hukumomin tarayya amfani da kuki mai daɗewa sai da ƙwaƙƙwaran dalili da izinin shugaban hukuma. Duk da haka, a watan Disamba na 2005 sai ga shafin hukumar leƙen asiri ta NSA yana dasa kuki mai wa'adi har zuwa 2035. Hukumar ta ce kuskure ne, ta cire. A 2010 aka sassauta dokar. A watan Janairu na 2015 kuma kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya bankaɗo cewa shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, yana tura wa kamfanoni na waje bayanan masu neman inshora: shekarun mutum, da abin da yake samu, da lambar unguwarsa, da ko yana shan taba, da ko mace tana da juna biyu. Ba a tura suna ba, gaskiya ne. Amma wanda ya san shekarunki da unguwarku da adireshin na'urarki, ya kuma san kina da ciki, me ya rage masa?

Turai ma ba ta tsira ba. A watan Maris na 2019 wani kamfani na ƙasar Denmak mai suna Cookiebot ya binciki manyan shafukan gwamnatocin Tarayyar Turai, ya tarar a 25 daga cikin 28 akwai masu bin sawu na kamfanonin talla. A watan Mayu na 2023 jaridar Observer ta ba da labarin cewa hukumomin asibiti 20 na gwamnati a Ingila suna da wata 'yar na'urar bin sawu ta Facebook a shafukansu, wadda ke sanar da kamfanin abin da mutum ya duba, har da shafukan da suka shafi maganin ƙanjamau da taɓin hankali. Da yawa daga cikin hukumomin suka cire ta, wasu suka nemi gafara.

Abin da ya fi ba ni tsoro a waɗannan labarai shi ne, galibinsu ba mugunta ce ta kawo su ba. Ga yadda abin yake faruwa. Hukuma ta ba ɗan kwangila aikin gina shafi. Darakta yana son ya san mutum nawa ke ziyarta, sai ɗan kwangila ya saka ma'aunin ƙidaya na Google, tunda kyauta ne. Jami'in hulɗa da jama'a yana son bidiyon jawabin shugaba ya fito a fuskar shafi, sai a jawo shi daga YouTube. A ƙara taswirar ofis, a ƙara maɓallin aikawa Facebook. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce da aka huda a katangar gida, kuma ba mai gidan ke riƙe da makullinta ba. An biya ɗan kwangila ya tafi, an yi wa darakta canjin wurin aiki, ƙofofin suna nan a buɗe shekara da shekaru. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba ka kayan aiki kyauta ya san inda zai fanshe.

To, mu a nan gida me doka ta ce? Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Janairu na 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sa'an nan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta shafi ma'aikatun gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni, ko da yake ta ware wasu al'amura kamar tsaron ƙasa da binciken laifi. Ta ce kada a karɓi bayani sai don wata manufa bayyananniya, kada a karɓi fiye da abin da manufar ke bukata, kada kuma a riƙe shi bayan bukatar ta wuce. Ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne. Ta ba ka ikon ka tambayi hukuma abin da ta sani game da kai, a gyara in da kuskure. In an fasa rumbun bayanai ta yadda zai iya cutar da mutane, dole a sanar da NDPC cikin sa'a 72. Manyan masu riƙe da bayanai in sun saɓa, ana iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A 2025 kuma hukumar ta fitar da umarnin aiwatar da dokar, wanda ya taɓo kuki kai tsaye: in ba wanda shafi ba ya aiki sai da shi ba ne, sai an nemi izinin baƙo a fili, an kuma ba shi damar ya ƙi. Dokar ba ta takarda kaɗai ba ce, domin a watan Agusta na 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma amfani da kuki ba bisa ƙa'ida ba yana cikin abin da ta zarge shi da shi, ko da yake bankin ya musanta.

A nan ne nake so in faɗi ra'ayina, kuma ina maraba da wanda zai ja da ni in an zo lokacin tambayoyi. Wannan ɗan akwati da ke fitowa a ƙasan shafi yana cewa ka danna ka amince, yana da ma'ana a shafin kanti, domin in sharaɗin bai yi maka ba sai ka tafi kantin gaba. Amma JAMB guda nawa ce? Hukumar ba da fasfo guda nawa ce? Yaron da ya rage masa kwana biyu a rufe rajista, ga layi a bayansa, in ka ce masa ya danna ya amince, zai danna ko da an rubuta cewa za a sayar da gonar gidansu. Wanda ba shi da wata hanya, ba a cewa ya zaɓi wannan. Saboda haka nauyin da ke kan hukuma ya fi na ɗan kasuwa, kuma a ganina shafin da ɗan ƙasa ba shi da makawa sai ya shiga bai kamata a sami kukin talla a cikinsa ba ko ɗaya, da izini ko ba izini. Daɗin daɗawa, tarar da doka ta tanada tana razana banki, amma in an ci ma'aikata tara, daga aljihun wa za a biya? Daga baitulmali, watau daga kuɗin mutanen da aka tona wa asiri. Muddin ba a kai ga jami'in da ya yi sakacin ba, an bugi jaki ne an bar taiki.

Ga kuma maganar harshe. Sanarwar sirrin da ke waɗannan shafuka da Turanci take, Turancin ma na lauyoyi, wanda mu da muke jami'a sai mun karanta sau biyu. Manomin da aka ce ya yi rajistar taki ta intanet, ko tsohuwar da ke bin haƙƙin fanshon mijinta, in an danna mata "na amince" a kan rubutun da ba ta iya karantawa, wace irin amincewa ce wannan?

Kada kuma mu shagala da kuki mu manta da babbar ƙofa. A watan Maris na 2024 'yan jaridar bincike na FIJ suka ba da labarin wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi kaɗan. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta sanar cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani a wani shafin a kan naira 100. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, kuma hankalin masu bincike ya karkata ne ga wakilan da aka ba izinin tantance lambobi da waɗanda suka raɓe su. Ko da hakan ne, darasin bai canja ba: hukuma tana iya kulle ƙofar gaba da kwaɗo bakwai, in makullin baya yana yawo a hannun wakilai, da sauran aiki. Kalmar sirri in ta fita sai ka canja wata. Zanen yatsa fa, ina za ka samo sabo?

Mu ɗalibai kuma muna da namu kason. Da yawa daga cikinmu a shagon intanet muke rajista, kuma na sha ganin ɗalibi ya karɓi takardarsa ya tashi ya bar shafin a buɗe. Ku tuna da katin asibiti: kukin da ke shaida cewa kai ne yana nan a kwamfutar, wanda ya zauna bayanka ya gaje shi. Rufe manhaja ba lalle ne ya wadatar ba, sai ka danna maɓallin fita, ka kuma goge tarihin ziyara. Mafi muni shi ne barin mai shago ya buɗe maka adireshin imel, ya zaɓa maka kalmar sirri, ya rubuta ta a littafinsa tare da na mutum ɗari. Ku duba adireshin shafi kafin ku rubuta komai: shafukan gwamnatin Nijeriya da gov.ng ya kamata su ƙare, na jami'o'i kuwa galibi da edu.ng. Haruffan https a farkon adireshi suna nufin saƙonka a kulle yake tafiya, ba mai karanta shi a hanya, amma ba su shaidar cewa mai shafin mutumin kirki ne, domin 'yan damfara ma sun iya saka su. Game da kukin 'yan talla, manhajar Firefox tun 2019 take tare masu bin sawu da kanta, Safari kuma ta rufe musu ƙofa a 2020. Kamfanin Google ya yi shekaru yana alkawarin yin haka a Chrome, amma a 2024 ya janye, saboda haka mai amfani da ita sai ya shiga saituna ya kashe da hannunsa.

Yanzu sai in juya ga yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunsu in an gama hidimar ƙasa. Aikin gwamnati ya daɗe da sanin sirri. Akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, akwai rantsuwar da ake yi, akwai fayil ɗin sirri da ba kowane akawu ke taɓa shi ba. Amma duk wannan tarbiyya an yi ta ne don a tsare asirin gwamnati daga jama'a. Tsare asirin jama'a da ke hannun gwamnati sabon karatu ne, kuma har yanzu bai zauna ba. Shi ya sa za ka ga ofishin da ba ya yarda a fita da takardar taro ko ɗaya, amma ya liƙa jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki a shafinsa, da lambar wayar kowa da ranar haihuwarsa. Shi ya sa za ka ga ana tattara lambobin NIN na ma'aikata ta zauren WhatsApp. Ƙaramin ma'aikaci ba shi ke ba da kwangila ba, na sani, amma sau da yawa shi ake turawa ya zauna da ɗan kwangila, tunda shi ne "yaron da ya iya kwamfuta". In ka sami kanka a wannan kujera, ka tambaye shi kuki nawa shafin ke dasawa da sunan kowanne, da kamfanonin waje da shafin ke magana da su, da ƙasar da kwamfutar ajiyar take, da wanda zai riƙe makulli ranar da kwangila ta ƙare. Ka sa ya ba da amsar a rubuce, ka saka ta a fayil. In fom yana tambayar addini ko ƙabila ko sunan mahaifiya alhali aikin bai bukata ba, ka rubuta wa maigidanka 'yar takarda cikin ladabi ka nuna masa sashen doka. Wataƙila ba za a saurare ka a karon farko ba, amma takardar tana nan.

Shugaba, ina da roƙo ga wannan ƙungiya tamu. A 2024 NDPC ta sanya manyan makarantu da ma'aikatun gwamnati cikin rukunin manyan masu riƙe da bayanai, kuma doka ta wajabta wa irin waɗannan su naɗa jami'in kare bayanai. Ina ba da shawarar sakataren ƙungiya ya rubuta wa hukumar makaranta wasiƙa, ya nemi sunan wannan jami'i da ofishinsa, da jerin kukin da shafin rajistarmu ke amfani da su, a buga amsar a fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Ɗaliban sashen harsunan Nijeriya kuma, da taimakon na sashen shari'a, suna iya fassara sanarwar sirrin shafin zuwa Hausa su miƙa wa makaranta kyauta. Kafin mu aika wasiƙar, ya kamata mu fara duba namu fom ɗin na zaɓen shugabanni da na karɓar kuɗin ƙungiya, mu ga inda sunaye da lambobin wayar 'yan'uwanmu na bara suka kwana.

 Shugaba, na mayar maka da magana.